Wai Daga Kicin Ɗina

Litinin, 6 ga Mayu

Yau Manaja ya leƙo kicin yana toshe hanci da hankici, kamar ya shigo bola. Wai ma'aikata sun fara kwanciya, zazzaɓi da ciwon ciki, wasu har da gudawa, kuma "ana zargin abinci". Wa ke zargi? Bai faɗa ba.

Tun kamfanin buhunan nan yana rumfa ɗaya nake ciyar da ma'aikatansa. Lokacin shi Manajan ko gemu bai fara ba. Tukwanena mutum na iya ganin fuskarsa a gindinsu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, je ka duba tankin ruwanku tukuna." Ya ce za a duba komai. To a duba.

Na dawo gida na ba Maigida labari, ina tsammanin zai taya ni faɗa. Sai cewa ya yi shi dai ya fi shekara talatin yana cin girkina, ban da tumbi ba abin da ya same shi. Ban yi dariya ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Duba-gari sun zo, su biyu, da safar hannu da 'yan kwalabe. Sun ɗebi ruwan tanki, sun ɗebi miya, sun goga auduga a katakon yanka da bakin famfo, har da murfin firij. Ɗayan ya ɗaga tsumman goge tebur da yatsa biyu yana kallona. Jiya-jiya na dafa tsumman nan da ruwan zafi!

Na nuna masu famfon bayan gidan ma'aikatan kicin, wanda ya lalace tun watanni biyu da suka wuce. Bokiti muke ajiyewa a ƙofa, kowa ya tsoma moɗa. Na yi wa Manaja magana har bakina ya gaji. Babban duba-garin ya rubuta. Manaja ya kalli silin.

Alhamis, 9 ga Mayu

Rabin ma'aikata sun zo da abincinsu daga gida a kula. A gabana suke buɗewa.

Juma'a, 10 ga Mayu

Abin da ban taɓa zato ba. An raba mana 'yan robobi masu murfi da ɗan cokali a ciki, mu duka 'yan kicin. Wai kowa ta kawo bayan gidanta ɗakin gwaji na asibiti ranar Litinin. Ni da jikoki! Gajera, mataimakiyata, ta tambayi duba-gari ko cika robar za a yi, kicin ya kwashe da dariya. Ni ko murmushi.

Da aka watse na bi Manaja ofis. Na ce masa ruwa ba ya tsami banza. Shekaru muna lafiya, sai da aka ɗauko sabuwar mai wanke-wanke aka fara wannan. Matar da muke ce wa Shiru, don sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Mijinta ya rasu, yara uku, kuma an ce unguwarsu kwata ce ke ratsa ƙofar gida. Ban ce ita ce ba. Cewa na yi a lura.

Litinin, 13 ga Mayu

Na naɗe robar a leda uku, na cusa can ƙasan jaka, duk hanya ina jin kamar kowa a mota ya san abin da na ɗauko.

Ɗakin gwajin yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki. Benci ɗaya, taga ɗaya ta karɓar kaya, warin maganin kashe ƙwari. Wadda ke karɓa wata siririyar yarinya ce mai gilashi, ba za ta girmi Autata ba. Ta amsa da "Sannu Mama", ta manna takarda a jikin robar, ta tambaye ni ko na sha wani magani kwanan nan, ko na yi zazzaɓi, ko cikina na ciwo.

Na ce, "'Yar nan, kalle ni da kyau. Na yi miki kama da mara lafiya?"

Ta ce a'a, amma ba duk mai ɗauke da cuta ne ke kwanciya ba. Ji min yarinya. Na tambaye ta yaushe za mu ji sakamako, ta ce na madubin ganin ƙwayar cuta yau ma zai fito, amma na shuka sai bayan kwana uku. Shuka kuma? Wai suna shafa abin a wani faranti mai abinci, su sa a ɗumi, ƙwayar cutar ta ci ta yi yawa, sannan su gane ko wace ce. Ashe har ciyar da su ake yi. Kuɗin gwamnati ya ga ta kansa.

Shiru tana bayana a layi. Ta gaishe ni, na amsa da ka.

Laraba, 15 ga Mayu

An yi wa Ƙaro-min aiki. Yaron walda, wanda kullum sai ya dawo da faranti yana cewa "Mama, ƙaro min", har sunan ya bi shi. Wai hanjinsa ne ya huje. Matarsa na da goyo.

Na ƙona albasa yau. Ban tuna rabon da in ƙona albasa ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Sakamako ya fito. Nawa fes. Na Gajera fes. Na Shiru an ga wata ƙwaya wai ita amiba.

Ba na faɗa ba?

Manaja bai ɓata lokaci ba, ya ce ta tafi gida sai an neme ta. Ta cire atamfar aiki ta ninke, ta ajiye a kan benci, ta ce mana sai wata rana. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Gajera ta bi ta da ragowar burodi har bakin ƙofa.

Na zaci an gama. Sai ga saƙo daga ɗakin gwaji wai kowa ta sake kawowa, sau biyu kuma. Mutanen nan ba su da aikin yi ne?

Asabar, 18 ga Mayu

Na je da kaina don in ji dalili. Na samu Mai Gilashi tana cin gyaɗa a bakin taga. Na ce mata an kama mai abin, an sallame ta, me kuma ake nema a jikinmu?

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "An sallame ta? Wa ya ce a sallame ta?"

Ta yi ta bayani, ni kuwa raina a ɓace, rabi na ji. Abin da na riƙe: ciwon ciki ba iri ɗaya ba ne, ko da duk gudawa ce a ido. Akwai na tsutsa, akwai na amiba, akwai kwalara, akwai wasu da ko madubinsu ba ya gani. Kowanne da maganinsa, kowanne da hanyar da yake bi ya shiga mutum. Jinin ma'aikatan da ke kwance an shuka shi, abin da ya tsiro taifod ne. Ita kuwa amibar da aka gani wurin Shiru, mutane da yawa na yawo da ita, maganin 'yan kwanaki ne, kuma ba ita ta huda hanjin kowa ba.

"Kamar a ce akuya ta yi ɓarna a gona, Mama, sai a kama kaza."

Na ce to ai nawa fes ya fito. Ta ce ƙwayar taifod ba kullum take fitowa ba, yau ta fito gobe ta ɓuya, shi ya sa ake maimaitawa. Ta ƙara da cewa ruwan tanki ma ba a samu komai a ciki ba.

Yarinya ƙarama sai iya tsara magana. Zan kai masu. In sun ga dama su buɗe gona da shi.

Talata, 21 ga Mayu

Na kai na biyu. Leda ɗaya kawai na sa wannan karon, na gaji.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ina tsakiyar yanka kabeji aka ce Manaja na kira. Na shiga na tarar da shi da babban duba-gari da wani likita. Aka ba ni kujera. Tun da nake a kamfanin nan ba a taɓa ba ni kujera a ofishin nan ba, nan gabana ya faɗi.

Likitan ne ya yi magana. Wai an samu ƙwayar taifod a nawa. Irin ta jinin marasa lafiyar.

Na ce ƙarya ne. Haka na faɗa, a gaban kowa. Na ce an musanya roba. Robobi nawa ke kan tagar nan, duk iri ɗaya, yarinyar na cin gyaɗa tana manna takarda! Na ce in ni ce, me ya sa ban kwanta ba? Me ya sa mijina bai kwanta ba? Me ya sa sai bana?

Likitan ya ce duk za a amsa min, amma daga yau kada in ƙara taɓa abincin kowa. Duba-gari ya bi ni kicin, ya sa aka zubar da kabejin da na yanka, babbar roba guda. Gajera ta kasa kallona.

Na fito ta ƙofar baya.

Asabar, 25 ga Mayu

Ban fita ba. Maigida ya sayo burodi ya haɗa shayi da kansa, ya zuba sukari kamar na gado. Ya buɗe baki zai ce wani abu, na ce in ya kuskura ya kawo min karin magana sai na bar masa gidan. Ya rufe.

Litinin, 27 ga Mayu

Na tafi wani ɗakin gwaji na kuɗi, can wani gefen gari inda ba wanda ya san ni. Ban ce masu komai ba. Na tsaya a kan mutumin har ya rubuta sunana a jikin robar, na karanta da idona. Bari in ga ta inda za a musanya.

In ya fito fes, wallahi da takardar zan shiga ofishin Manaja, in ajiye masa a kan tebur, daga nan in wuce wurin Mai Gilashi.

Juma'a, 31 ga Mayu

Iri ɗaya.

Mutumin har yana tambayata ko ina sana'ar abinci. Na ce masa ɗinki nake yi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Auta ta zo da mijinta, kamar yadda suka saba duk Lahadi. Cikinta ya fito sosai yanzu, wata bakwai. Na tashi tun da safe na yi mata miyar da take so, na wanke hannu har fatar ta yi fari, komai ya tafasa ya sake tafasa.

Na zuba mata. Ta kalli mijinta. Ta ce, "Umma, na ƙoshi, mun ci a gida."

Yarinyar da na sani tun ba ta san hannunta na dama ba, ita za ta ce min ta ƙoshi, alhali ina ganin yadda take haɗiyar yawu. Mijin ya sunkuyar da kai yana danna waya. Shi ya hana ta, na sani. Ko ruwan gidana ba su sha ba, da gorarsu suka zo.

Na ce, "To, Allah ya sa haka ya fi." Na ɗauke kwanon. Maigida ya jawo shi gabansa ya cinye nasa ya cinye nata, yana santi da ƙarfi don su ji. Da suka tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ni ce a matsayinta, da cikin wata bakwai... Bari dai.

Talata, 4 ga Yuni

Asibiti tun safe. An shafa min wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Likita ya ce a maɗaciya ƙwayar ke samun wurin zama, ta yi shiru abinta, mai ita na yawo lafiya ƙalau, ita kuwa tana fita ta bayan gida lokaci-lokaci. Ya ce na yi sa'a babu tsakuwa a ciki, da sai an yi aiki. Magani na sati huɗu, safe da yamma, ba fashi.

Ya tambaye ni ko na yi wani dogon zazzaɓi a baya. Na ce bara na yi, na sayi magani a kemis, na sha kwana uku na ji sauƙi na koma aiki. Wa zai ciyar da mutum ɗari biyu in na kwanta? Ya gyaɗa kai kawai yana rubutu. Na tsani gyaɗa kan nan.

Sai ya tambayi abin da ake ci ɗanye a kicin ɗin kamfani. Na ce babu, sai haɗin kabeji da tumatir da Manaja ya ƙirƙiro bana, wai ma'aikata su samu lafiya. Wa ke yankawa? Ni. Ba na bari kowa ya taɓa, don ban yarda da hannun kowa ba.

Ya ce abin da ya dahu wuta ta kashe, shi ya sa gidana lafiya. Ɗanyen ne, ga kuma famfon da babu, ga moɗa ɗaya a bokiti.

To ashe da Manaja ya gyara famfo! Da bai kawo kabejinsa ba! Wannan ba wanda zai kira shi ofis ya ba shi kujera.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ba su kore ni ba. An mai da ni sito, in riƙa ba da buhu da galan ina riƙe makulli. Ɗaki ba taga, sai warin manja da sabulu. Daga nan ina jin Gajera na soya albasa da wuta mai yawa. Na ƙwala mata kira ta rage, ta yi kamar ba ta ji ba.

An gyara famfon jiya. Awa ɗaya bai ɗauka ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Maganin nan ɗaci kamar me. Bakina kamar na tsotsi ƙarfe.

Mai shara ta ga na taho ta janye kofinta daga kan taga. Matar da na sha ɓoye wa nama.

Litinin, 10 ga Yuni

Na koma ɗakin gwaji. Ba abin da aka aike ni, ƙafata ce ta kai ni. Na ce wa Mai Gilashi tun da an ce abu na jikina, ina so in gan shi. Gani ya kori ji. Na zaci za ta ce doka ta hana.

Ta shiga ta yi magana da babbansu, ta dawo ta ba ni farar riga da safar hannu, ta ce kada in taɓa komai. Ciki tsaf, ban da abin cewa, har na duba ƙarƙashin tebur. Akwai wani akwati kamar ƙaramin firij amma ɗumi yake yi, a nan suke ajiye farantan. Ta ɗauko ɗaya a rufe, an naɗe bakinsa. Ja ne kamar an daskarar da lemo, a kansa ɗigo-ɗigo, kowane da ɗan baƙi a tsakiya kamar ido.

Ta ce ba nawa ba ne, nawa an ƙone tuni, amma haka ya yi. Ta ɗauko wani mai ɗigo rawaya ta ce waɗannan na cikin kowa ne, ba ruwansu da kowa. Daga launi suke fara zargi, sannan su ɗauki ɗigo ɗaya su bi shi da wasu gwaje-gwajen har ya faɗi sunansa, sannan su gwada wane magani ne ke kashe shi. Na ce ashe ku ma girki kuke yi. Ta ce, "Sosai, Mama, sai dai baƙinmu ba sa godiya."

Ta sa min wani gilashi a madubi na leƙa. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Can sai ga su, 'yan ƙanana kamar ɓarzajjiyar shinkafa, ja-ja. Abin da bai kai ƙura ba. Wai shi ya kwantar da ƙarti, ya huda cikin Ƙaro-min, ya raba ni da ludayina.

Na ce mata ranar da na ce ta musanya roba, raina ne a ɓace. Ta ce ba ta ma ji ba. Ƙarya take, duk asibitin sun ji.

Da zan fito ta tambaye ni ko an mai da matar nan aikinta. Na ce ba ni ke ɗauka ba, ba ni ke kora ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Na shiga ofishin Manaja ba sallama. Na ce masa wane irin zalunci ne a kori mace da marayu uku a kan cutar da ba ita ce ba? Takardar asibiti ta wanke ta tun yaushe, yana zaune yana shan iskar fanka?

Ya cire gilashinsa ya ce, "Mama, ba ke kika zo nan kika ce..."

Na ce cewa na yi a lura, ban ce a kora ba. Kuma in ni na faɗa, shi ba shi da hankalin kansa ne? Shi ne Manaja ko ni? Na tuna masa famfo, na tuna masa kabeji. Muryata har wurin masu gadi. Ya ce to, to, a gaya mata ta dawo Litinin. Na ce da albashin kwanakin da ta zauna. Ya ce zai duba. Na ce zan zauna a nan har ya gama dubawa, na jawo kujerar da kaina.

Ya sa hannu.

Asabar, 15 ga Yuni

Ba wanda ya san gidan Shiru sai Gajera, ita kuma wai tana da wanki. Dole ni na tafi da kwatance.

Kwatar tana nan a ƙofar gida kamar yadda aka ce. Amma ɗakinta! Kwanuka a kife a kan tebur an rufe da farin ƙyalle, ruwan sha a tulu da murfi da moɗarsa daban a rataye. Na samu tana wanke kayan mutane, abin da take yi ke nan tun da aka sallame ta. Hannunta duk ya tsattsage.

Na faɗa mata saƙon Manaja. Ta ce ta gode. Na ce an gano ba ita ba ce. Ta ce ta ji. Na ce ta ji ko wace ce? Ta ce ta ji.

Ta tashi ta ɗebo min ruwa. Na sha. Ina ajiye kofin na ga babbar 'yarta ta miƙo hannu za ta ɗauka, na riga ta, na ce a ba ni sabulu in wanke da kaina. Shiru ta ce, "Bar shi, Mama, wanke-wanke ai aikina ne." Ban san ko magana ta faɗa min ba. Da mutum mai surutu ne da na gane.

Na so in ce wani abu. Na yi ta juya shi a baki har na ga rana ta yi, na ce bari in tafi kada in rasa mota. Ta rako ni har bakin titi.

Litinin, 17 ga Yuni

Ta dawo. Ta leƙo sito karɓar sabulu, na ba ta biyu.

Talata, 25 ga Yuni

Ƙaro-min ya dawo aiki, aikin zaune suka ba shi. Na hango shi daga ƙofar sito, wandonsa an ƙara wa bel huji. Na koma ciki na fara lissafin galan ɗin da na riga na lissafa.

Sai ga shi a ƙofa. "Mama, ɓuya kike yi?"

Na ce ni da sitona, wace ɓuya? Ya ɗaga riga ya nuna min ɗinkin, tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Na ce masa sannu. Ya ce matarsa ta ce in ya ƙara cin abincin kamfani sai ta koma gidansu. Ya yi dariya, ya riƙe ciki don dariyar na masa zafi. Ya ce da farko ya yi fushi, ba zai ɓoye min ba, har ya ce ba zai ƙara gaishe ni ba. Sai likita ya ce masa ni ma ban sani ba.

"Amma Mama, miyar Gajera ita ma sai ta huda hanjin mutum."

Na ce ya tafi ya ba ni wuri, mara kunya. Da ya tafi na zauna a kan buhun shinkafa na daɗe.

Talata, 2 ga Yuli

Na sha ƙwayar magani ta ƙarshe. Ban tsallake ko ɗaya ba, Maigida shaida ne, shi ya mai da kansa ɗan sanda a kaina. Yanzu wai a jira sati guda, sannan gwaji uku a jere, sai duk sun fito fes.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na farko fes. Mai Gilashi ta leƙo ta taga tana murmushi kamar ita ta haife ni. Na ce kada ta yi saurin murna, wancan karon ma na farko fes ya fito. Ta ce, "Mama, kin zama 'yar gida."

Na kira Auta na gaya mata. Ta yi ta kuka a waya, wai in yafe mata ranar nan. Na ce ta yi min shiru kada ta tayar wa jikana hankali.

Litinin, 15 ga Yuli

Manaja da kansa ya zo sito, har da sallama. Wai ma'aikata sun kai ƙara, abinci ba ya ciwuwa, ranar Asabar an zubar da rabin tukunya. Ga manyan baƙi na zuwa ranar Alhamis. Ya ce tun da na gama magani kuma gwaji ya fito fes, in koma kicin gobe, sauran biyun a yi su a hankali, ba sai duba-gari sun ji ba.

Sati bakwai ina jiran wannan magana. Har mafarkin ludayina nake yi.

Na ce masa gwiwata na ciwo, ba zan iya tsayuwa ba sai nan da sati biyu. Ya kalli gwiwar, ya kalle ni. Ya ce ɗazu ya gan ni na ɗaga buhun wake. Na ce ciwon zuwa yake yana tafiya.

Ba wai don maganar Mai Gilashi ba ne. Kawai dai ba a yi min gaggawa.

Na ce ranar Alhamis a ajiye min kujera a ƙofar kicin, daga waje, Gajera ta riƙe ludayi ni in riƙe baki. Yankan nama da kayan miya kuma a ba Shiru, na ga yadda take riƙe wuƙa. Kabeji ɗanye kuwa, in baƙin na so su ci a gidajensu.

Gobe da safe zan kai na biyu.